Bayan da Ya Riƙe: Ciwon Ƙugu na Farat Ɗaya da Hanyar Asibiti a Birnin Kudu da Gwaram

Ciwon ƙugu mai saukowa farat ɗaya, wanda jama'a kan bayyana da cewa baya ya riƙe ko ƙugu ya ƙage, yana cikin larurorin da ba kasafai suke kisa ba amma suke iya tsayar da gida cak, musamman a yanki irin na Birnin Kudu da Gwaram inda mafi yawan magidanta da ƙarfin bayansu suke ciyar da iyali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutane miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a faɗin duniya, ana kuma hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050, kuma babu wata larura da ta fi shi hana ɗan Adam aiki. Sai dai a cikin wannan ɗimbin jama'a, kimanin kashi 90 cikin 100 ciwonsu na cikin rukunin da likitoci ke kira marar takamaiman dalili, wato wanda bincike ba ya gano wata cuta ko karaya da za a nuna da yatsa, kuma galibinsa yakan lafa cikin makonni. Ragowar 'yan tsirarun ne ke ɗauke da hatsari, kuma wahalar al'amarin ita ce tsananin zafi ba ya bambanta waɗannan da waɗancan.

Ƙashin baya jerin gaɓoɓi ne da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya tun daga ƙeya har zuwa tsatso, kuma guda 5 daga cikinsu, waɗanda suka fi sauran kauri, su ne na ƙugu, su ke ɗauke da nauyin duk abin da ke sama da su har da kayan da mutum ya ɗora a ka. Tsakanin kusan kowace gaɓa da 'yar'uwarta akwai wani faifai na guringuntsi mai taurin baki da taushin ciki, wanda aikinsa ya yi kama da na gammo, domin shi ke hana ƙashi gugar ƙashi, shi ke kuma shanye girgiza. Ta tsakiyar jerin akwai rami da laka ke bi, amma ita lakar tana ƙarewa ne a wajen gaɓar farko ko ta biyu ta ƙugu, daga nan sai jijiyoyi su ci gaba da sauka a tattare kamar gashin jelar doki, kuma da wannan suna, jelar doki, masana suka san su a harshen Latin. Waɗannan jijiyoyi su ke kai saƙo ga ƙafafu da mafitsara da dubura da al'aura. Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa mai ɗaukar jini da mai ɗaukar saƙo da kuma wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, abin da kan jawo majinyaci da likita su yi ta magana da kalma ɗaya alhali kowa da abin da yake nufi. A wannan bayani mai ɗaukar saƙo ake nufi.

Aikin yankin kusan gaba ɗaya na sunkuyo ne da ɗauka. Manomin gero da dawa da gyaɗa da riɗi yakan wuni a duƙe bisa fartanya mai gajeriyar ƙota tun daga noman fari har zuwa maimai, da kaka kuma ya koma ɗaukar dami. Ɗan dako a kasuwar Sara ko ta Babaldu yakan juya baya ga mota a ɗora masa buhun hatsi da nauyinsa kan kai kilo 100, ya yi tafiya da shi a ƙasa marar daidaito. Mace kuma tana daka, tana jan guga, tana shara da gajeriyar tsintsiya, sau da yawa da goyo a baya. A kan wannan sai a ƙara zaman babur a hanya mai gargada. Abin lura shi ne ciwon kan sauko ne sau da yawa a kan ƙaramin motsi, kamar miƙa hannu a ɗauki buta ko juyawa a sauke jarka, ba a kan babban kaya ba, domin murɗa ƙugu a sunkuye shi ne yanayin da tsoka da faifai suka fi rauni, kuma tsokokin da ke gefen ƙashin baya kan ɗaure tamau nan take don su hana wurin motsi. Wannan ɗaurewa ita ce riƙewar da ake faɗa, kuma tana iya kai ƙaton namiji ga rarrafe ba tare da wani ƙashi ya goce ba.

Likitoci sun raba ciwon gida uku bisa daɗewarsa: sabo, wanda bai kai makonni 6 ba, matsakaici, daga makonni 6 zuwa 12, da kuma daɗaɗɗe, wanda ya zarce haka. Game da sabon ciwo da bai zo da wata alamar hatsari ba, ilimin likitanci ya sauya matsayi a ƙarshen ƙarnin da ya wuce. A da kwanciya ake umarta, har sai da wani bincike da aka yi a Helsinki ta ƙasar Finlan, aka buga a 1995, ya nuna cewa waɗanda aka ce su ci gaba da harkokinsu gwargwadon iko sun riga waɗanda aka kwantar murmurewa. Ma'anar wannan ga mai ciwo a Kiyako ko Fagam ita ce kwana ɗaya ko biyu na hutu ba laifi ba ne idan tashi ya gagara, amma daga nan sai a riƙa miƙewa ana zagaya tsakar gida, ana ƙara nisa kullum, domin doguwar kwanciya na sa tsoka ta saki, gaɓoɓi su sandare, tsoron motsi kuma ya shiga zuciya. Gashi da ruwan ɗumi ko tsumma mai ɗumi yana sassauta ɗaurewar tsoka, muddin bai kai ga ƙona fata ba. Wajen kwanciya, wanda ya kwanta ta gefe ya sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, ko ya kwanta rigingine da matashi ƙarƙashin gwiwoyi, yakan sami sauƙi. Wajen tashi kuma sai ya fara mirginawa gefe, ya dogara da hannu, maimakon ya zabura kai tsaye. Ruku'u da sujada kan yi wuya a kwanakin farko, kuma sananne ne a fiƙihu cewa wanda tsayuwa ta gagara yana salla a zaune, wanda zama ya gagara yana yi a kwance, don haka babu dalilin da zai sa mutum ya tilasta wa bayansa abin da addini ya ɗauke masa.

A aikace, kafin mai ciwo ya ji ko ɗaya daga cikin wannan shawara, gida da maƙwabta sun riga sun sa wa ciwon suna, kuma sunan da ya fi saurin fitowa shi ne basir, bayansa sanyi. A fahimtar jama'a basir ya wuce kumburin jijiyoyin jini na dubura da likitoci suka sani, ya zama wata rumfa da ake tara ciwon baya da kasala da kumburin ciki da raunin mazakuta a ƙarƙashinta, masu tallar magani da lasifika a ranar kasuwa kuma sun gina sana'a a kan haka. Illar wannan suna ita ce yana rufe tambaya, domin wanda ya gamsu basir ne ke damunsa ba ya ganin dalilin zuwa a duba shi, sai dai ya sauya jiƙo.

Mataki na gaba shi ne kemis, wanda a ƙauyuka da dama shi ne asibitin farko, kuma a nan ake samun taimako da ɓarna a cakuɗe. Magungunan rage zafi da kumburi irin su ibuprofen da diclofenac da piroxicam suna aiki a kan sabon ciwon baya, shi ya sa ƙa'idojin likitanci suka sa su a gaba, amma da sharaɗin a sha guda ɗaya daga cikinsu, mafi ƙarancin adadin da zai yi aiki, na 'yan kwanaki, bayan an ci abinci. Haɗin da ake ƙulla wa mutum a leda kuwa yakan ƙunshi biyu ko uku daga wannan dangi guda, wani lokaci har da dexamethasone, kuma haɗa su ba ya ninka sauƙi, illa yake ninkawa, wato gyambon ciki da zubar jini a hanji da lalacewar ƙoda. Manomin da ya sha su a kan yunwa, ya koma rana yana zufa ba tare da isasshen ruwa ba, ya tara wa ƙodarsa abubuwan da ta fi ƙi a lokaci guda. Mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mace mai juna biyu bai kamata su sha su ba sai da izinin ma'aikacin lafiya, kuma bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta alama ce ta jini da ke bukatar asibiti a ranar. Tramadol kuma, wanda ya sami kasuwa a tsakanin masu aikin ƙarfi saboda yana ɓoye gajiya, hukumar NAFDAC ta amince ne da mai ƙarfin miligiram 50 da 100 kawai bisa takardar likita, alhali wanda ke yawo a ɓoye yakan ninka haka. Wani bincike da aka yi a Ostareliya, wanda mujallar Lancet ta buga a 2023, ya gwada wani magani daga wannan dangi mai sa maye a kan sabon ciwon baya da wuya, aka tarar bayan makonni 6 bai fi ƙwayar da ba ta ɗauke da magani ba. Ita ma allura, wadda mutane da yawa ke ganin ta fi ƙwaya ƙarfi, tana da nata hatsarin, domin babbar jijiyar da ke sauka ƙafa tana ratsa ɗuwawu, kuma allurar da aka soka ba a daidai wuri ba tana iya barin mutum da jan ƙafa har abada.

Wanzami da maɗori suna da matsayi da ba a raina shi, kuma tausa mai sauƙi kan taimaki tsokar da ta ɗaure. Ƙaho da tsaga na iya ɗauke hankali daga zafin na ɗan lokaci, tare da hatsarin cutar da aska ɗaya ke iya yaɗawa. Amma taka baya da ƙafa, ko jan mutum da ƙarfi wai don a mayar da abin da ya goce, ganganci ne a bayan tsoho ko tsohuwa da ƙashinsu ya yi rauni, ko bayan wanda ya faɗo daga bishiya ko babur, ko wanda cuta ke cin ƙashinsa ba a sani ba.

Alamomin da ke fitar da ciwon baya daga sahun wanda za a yi jinya a gida ba su da yawa, kuma mafi gaggawarsu ita ce matsewar jelar doki, wadda kan faru idan cikin faifai ya ɓullo da yawa zuwa ramin laka, ko ƙari ko ruɓa ya cika wurin. Mai wannan larura yakan ga fitsari ya ƙi fita ko da mara ta cika, ko ya riƙa zubowa bai sani ba; bayan gida na iya kuɓuce masa; ƙafafu biyu su yi nauyi ko su sage; fatar matse-matsi da ɗuwawu da kewayen dubura, wato daidai inda jiki ke taɓa sirdi, ta mutu. Sau da yawa a wajen tsarki ake fara ganewa, lokacin da mutum ya zuba ruwa ya ji kamar ba a jikinsa yake zuba ba. Larurar ba ta da yawa, amma ana lissafin lokacinta da awoyi, domin likitocin tiyata na son a buɗe wa jijiyoyin hanya cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma wanda ya makara yana iya rayuwa da robar fitsari ko keken guragu.

A nan ne kunya, wadda ado ce a sauran al'amura, take zama cikas mafi girma, domin alamomin da suka fi muhimmanci su ne daidai waɗanda tarbiyya ta hana furtawa. Dattijon da ɗansa ko surukinsa ya rako ba zai buɗe baki a gabansu ya ce fitsari na kuɓuce masa ba. Matar aure da ƙanin miji ya kawo, aka kuma haɗa ta da likita namiji, za ta tsaya a kan cewa bayanta ke ciwo. Kuma idan aka tambayi ko wanne daga cikinsu yaya jiki, amsar ita ce da sauƙi, ko da a kan tabarma aka shigo da shi. Ma'aikacin lafiya da ya san mutanensa ba ya ɗaukar wannan amsa a matsayin rahoto. Yakan nemi 'yan rakiya su ɗan ba da wuri, ya rage murya ya ce, Baba, a gafarce ni, fitsari yana fita yadda aka saba? Mama, idan an yi tsarki ana jin ruwan? Tambayar ba ta cin minti ɗaya, ba ta bukatar na'ura ko wutar lantarki, kuma ana iya yin ta a ƙaramin asibitin mazaɓa kamar yadda ake yi a asibitin koyarwa. Iyali ma suna da rawar takawa, domin matar da ke wanke shimfiɗa ta riga kowa sanin abin da maigida ya ɓoye, kuma faɗa wa likita a keɓe ba tonon asiri ba ne.

Akwai wasu cututtukan da ke shigowa da rigar ciwon baya waɗanda suka fi yawa a wannan yanki fiye da ƙasashen da aka rubuta galibin littattafan likitanci. Na farko shi ne tarin fuka na ƙashin baya, wanda likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana a 1779, kuma har yau bai zama tarihi ba a Najeriya, wadda ke cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya. Yana iya zuwa ba tare da tari ba. Alamunsa ciwo ne da ba ya lafawa da kwanciya, mai tsananta da dare, tare da rama da zazzaɓi da gumin dare, daga baya gaɓar ta rushe doro ya fito, ƙafafu su shanye. Maganinsa kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, sai dai yakan ɗauki watanni 9 zuwa 12 maimakon 6 na tarin huhu. A tsakanin makiyaya da masu shan madarar da ba a tafasa ba akwai cutar burusela, wadda ake ɗauka daga dabbobi, ita ma tana kama ƙugu tare da zazzaɓi mai zuwa yana komawa. Mai amosanin jini, wato sikila, ciwon bayansa na iya zama tashin cutar. Ciwon da ya tsaya a kwiɓi ɗaya yana sauka mara, ko ya zo da jini a fitsari ko zafin fitsari da rawar ɗari, ƙoda yake nunawa. Ga mace mai ciki kuwa, ciwon baya mai zuwa yana sakewa na iya zama naƙuda kafin lokaci, kuma idan ya haɗu da ɓatan wata da ciwon mara da jiri, ana tsoron ciki a wajen mahaifa. Namijin da ya manyanta, wanda fitsari ya daɗe yana yi masa gardama sannan sabon ciwon baya ya same shi, yana bukatar a duba ko sankarar furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta kai ƙashi.

Ta fuskar wurin zuwa, Birnin Kudu ta fi garuruwa da yawa sa'a, domin tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, asibiti mai matakin ƙwararru wanda ke karɓar majinyata daga kudancin Jigawa da maƙwabtan garuruwan Bauchi da Kano, ga kuma kwalejin koyon aikin jinya ta jiha. Mutumin Gwaram da ke Basirka ko Farin Dutse yana da tafiya a gabansa kafin ya kai can, tafiyar da damina kan ƙara wa wuya. Daga Birnin Kudu, wanda larurarsa ta bukaci tiyatar laka ko hoton da ba a samu ba ana iya tura shi Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse, ko Kano mai nisan fiye da kilomita 100, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, da Asibitin Ƙashi na Dala da ke aiki tun 1959. Tsarin da ya dace shi ne a fara da asibiti mafi kusa a karɓi takardar turawa, amma wanda fitsari ya riƙe ko ƙafafunsa suka saki bai kamata ya kwana yana jiran ranar ganin likita ba, sashen gaggawa na babban asibiti zai nufa. Wanda ciwonsa ya biyo bayan faɗuwa ko hatsari kuma a kwance za a ɗauke shi a kan abu mai tauri, ko da ƙyauren ƙofa ne, mutum uku ko huɗu su ɗaga shi tare ba tare da jikin ya lanƙwashe ba. A zaunar da shi a tsakiyar babur tsakanin direba da mai riƙo, kamar yadda aka saba, na iya ƙarasa lakar da hatsarin ya bari.

Binciken da likita ke yi galibinsa da hannu ne. Zai sa majinyaci ya taka da dunduniya sannan da kan yatsu, domin kowanne na gwada ƙarfin wata jijiya daban. Zai ƙwanƙwasa gwiwa da agara da 'yar guduma ta roba. Zai kwantar da shi rigingine ya ɗaga ƙafarsa a miƙe sannu a hankali, idan zafi ya harba daga ɗuwawu zuwa ƙasan gwiwa kafin ƙafar ta yi nisa, alama ce faifai na taɓa jijiya. Ko wannan ɗin, mafi yawansa yakan warware cikin makonni 6 zuwa 12 ba tare da wuƙa ba, domin jiki kan shanye abin da ya ɓullo. Majinyata da yawa kan fito ransu a ɓace idan ba a rubuta musu hoto ba, suna ganin an raina ciwonsu, alhali hoton ƙashi na eksire ba ya nuna faifai ko jijiya, kuma a sabon ciwo marar alamar hatsari ba ya sauya magani. Hoton MRI, wanda ke amfani da maganaɗisu ya nuna sassa masu taushi, shi ne ake bukata idan ana zargin matsewar jijiya ko ruɓa ko ƙari, amma yana da tsada, kuma yana nuna abubuwan da ba su ne ciwon ba: wani bincike na Amurka a 1994 ya ɗauki hoton mutum 98 da ba su da ciwon baya ko kaɗan, aka sami fiye da rabinsu da faifan da ya turo. Sayar da akuya ko buhun riɗi don hoton da ba a bukata asara ce, kamar yadda ƙin sayarwa ranar da ake bukatarsa asara ce mafi girma, kuma likita ne kaɗai zai iya raba ranakun biyu.

Kuɗi na daga cikin abin da ke jinkirta zuwa, tunda galibin manoma da 'yan kasuwa daga aljihu suke biya, duk da dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 da ta wajabta shiga tsarin, da kuma hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Jigawa. Abin da ya fi arha a cikin jinyar kuma shi aka fi sakaci da shi, wato sashen gashin ƙashi, inda ake koya wa mutum motsa jiki da ke ƙarfafa tsokar ciki da ta baya, abu mai muhimmanci ganin cewa ciwon kan dawo wa mutane da yawa cikin shekara guda. Wanda bai ga sauƙi ba bayan makonni 2 zuwa 4, ko ciwon ke ƙaruwa, ya kamata ya koma ko da an taɓa duba shi. Wanda ya samu sauƙi kuwa yakan koma gona da rabin wuni kafin cikakke, ya riƙa miƙewa a ƙarshen kowace kunya, ya durƙusa da gwiwa ya jawo kaya jikinsa kafin ya ɗaga, ya juya da ƙafafunsa maimakon ƙugu, buhun taki mai kilo 50 kuma a kama masa ko a raba shi biyu har sai makonnin farko sun wuce.